Barcin Kwamfutar Tafinta

Shekara ashirin da shida Tafinta ya yi yana tsayawa tsakanin alƙali da waɗanda ake tuhuma, yana juya maganar wannan zuwa harshen wancan, kuma ba a taɓa kama shi da kuskuren kalma ba. Akwai dai waɗanda aka ɗaure, amma su ba a cika neman ra'ayinsu ba. Don haka ranar da 'yarsa ta aiko masa da sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, bai nemi kowa ya koya masa komai ba. Ya sa tabarau, ya ɗauki ɗan littafin da ya zo a cikin kwalin, ya karanta shafi biyu na farko, ya fassara wa kansa. Sauran shafukan ƙananan rubutu ne, irin wanda ko a kotu lauyoyi kaɗai ke wahalar da idonsu a kai.

Abin da ya fahimta shi ne, in an gama aiki da na'urar, hanya biyu ce: ko a kashe ta, ko a rufe marfinta ta yi barci. Kalmar farko ba ta kwanta masa ba. Ya sha fassara ta a gaban alƙali, ya san ba a dawowa daga gare ta. Ga shi kuma tun ranar farko kwamfutar da kanta ta rubuto a fuskarta cewa kada a kashe ta, tana wani gyare-gyare a cikinta. Ya ɗauki wannan a matsayin roƙo na har abada. Wata biyar bai kashe ta ba ko sau ɗaya. Barci kawai take yi, kuma don kada yunwa ta tashe ta, kullum wayar caji na bakinta.

Kula kam ta same ta. Ba a shan shayi a kusa da ita. Da ƙyallen tabaransa yake goge mata fuska. Ba ya zuwa da ita kotu, saboda ruwan sama, da matsin motar haya, da yatsun abokan aiki masu maiƙo. A cikinta yake zuba aikin rayuwarsa, wani ƙamus na kalmomin shari'a da ya yi shekara ashirin yana tarawa a bayan tsofaffin takardun sammaci. Duk takardar da ya kwafe sai ya yaga ta, don shi mutum ne mai son tsabta.

Saboda ita ya sa aka cire ƙofar katakon gidansu, a hawa na uku, aka kafa ta ƙarfe mai murɗi uku. Sabuwar ƙofar ta zo da makulli biyu, nasa da na matarsa. Maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda ta shekara bakwai tana riƙe da makullin tsohuwar ƙofar don ta riƙa leƙa mahaifiyarsa da rana, ya ce mata ana nan ana yanko nata. Wata biyar ke nan ana yankowa.

Mahaifiyar tasa, Inna, ba ta tafiya tun da ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Daga lokacin da Tafinta ya fita zuwa lokacin da matarsa ke dawowa daga aikin jinya da ƙarfe biyu, ita kaɗai ce a gidan, da gorar ruwa, da rediyo, da wayar da ba ta cika ɗagawa ba. Ita ce ma ta kawo shawarar.

"Ka bar abar nan a gefena," in ji ta. "Ni da ba inda za ni. Ɓarawon da zai ɗauke ta sai ya tsallake ni."

Shawarar ta burge shi. Da yake cajar da ta zo da ita ba ta kaiwa gadon, sai ya sayi wata mai doguwar waya a bakin titi, wurin mai sayar da tocila da tsinken sakace. Kullum da safe sai ya kwantar da kwamfutar a kan katifa kusa da Inna, ya jona ta, ya ja gefen bargo ya rufa mata saboda ƙura.

A safiyar da ake magana, marfin ya ƙi rufuwa daidai. Ɗan filin nan da ake jan yatsa a kai ya ɗago, kamar burodin da ya tashi. Tafinta ya danna da tafin hannu, ya koma, ya saki, ya sake ɗagowa. Sai ya yi abin da yake wa takardar da ta lanƙwashe: ya ɗauko babban ƙamus ɗinsa mai bangon fata ya ɗora a kai, ya ja bargo, ya kulle ƙofa sau uku, ya tafi aiki.

Da aka tashi hutun rana ya tsallaka titi zuwa rumfar mai gyaran waya da kwamfuta, wanda kowa ke kira Injiniya ba tare da an nemi ganin takardunsa ba. Ya same shi yana ɓarar gyaɗa.

"Aron ƙaramin sukundireba nake nema," in ji Tafinta. "Marfin tawa ya saki, zan ɗaure shi."

"Ya saki kamar yaya, Baba?"

"Ba ya haɗuwa. Tsakiyar ce ta ɗan kumbura."

Injiniya ya yi dariya. "A'a, ashe amarya ta yi ciki. Wata nawa?"

"Biyar."

"Da wuri haka? Kana kashe ta kuwa in ka gama?"

"Ban taɓa ba. Barci take yi."

Injiniya ya daina tauna. "Yanzu tana ina?"

"Gida. A kan gado."

"A kan katifa? Jone da wuta?"

"Jone. Na rufa mata bargo. Na kuma ɗora mata littafi mai nauyi don kumburin ya kwanta."

Injiniya ya zubar da gyaɗar da ke hannunsa a kan tebur. Ya sunkuya ya jawo wani abu daga ƙarƙashin benci ya ajiye a gaban Tafinta. Sai da Tafinta ya duba sau biyu kafin ya gane kwamfuta ce, ko kuma a da can kwamfuta ce. Madannan sun narke sun zama dunƙule ɗaya, tsakiyar ta huje, gefunan sun yi baƙi sun naɗe kamar busasshen ganye.

"Batir ne ya kumbura a taka, Baba, ba marfi ba. Iska ce ta taru a cikinsa saboda zafi. Ta ƙasa take numfashi, katifa ta toshe mata hanci, bargo ya ƙarasa. Kuma barcin nan da kake faɗa, ba kullum take yinsa ba, wani lokaci idonta biyu a ƙarƙashin marfin, tana aiki. Mai wannan a kan kujerar falo ya bar ta ya shiga wanka. Kujerar ba ta zo nan ba, babu abin kawowa." Ya dubi fuskar Tafinta. "Ba kowa a ɗakin dai ko?"

Tafinta ya buɗe baki.

"Mahaifiyata," ya ce. "Ba ta tafiya. Na kulle ƙofar."

Injiniya ya miƙe tsaye. Maganarsa ta koma a hankali, ɗaya bayan ɗaya, irin yadda ake yi wa wanda aka san rabin hankalinsa ya riga ya bar wurin. A sa wani ya yanke wutar gidan yanzu. In ya isa, tsohuwa zai fara fitarwa. Kada ya danna kwamfutar, kada ya buɗe ta, kada ya rungume ta a ƙirji. Ya tura ta a kan farantin ƙarfe ya kai ta fili, kan siminti, nesa da kowa. In ta fara huci ko hayaƙi, ya ajiye ta a inda yake ya ja da baya, kada ya shaƙa.

"In kuma ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kamar abin da mata ke goge jan farce da shi, to batirin ya riga ya tsage. Tafi, Baba. Zan rufe rumfa in biyo ka da yashi."

Tafinta, wanda ya sha faɗa wa mutane cewa babur ɗin haya hanyar zuwa asibitin ƙashi ce, ya tsayar da na farko da ya gani ya haye ba tare da ya tambayi komai ba. Da hannu ɗaya ya riƙe rigar mai babur, da ɗayan ya kira wayar Inna. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya sake kira. Ya kira matarsa, wayarta a kashe, kamar kullum in tana ɗakin tiyata. Saura lamba ɗaya, kuma ya yi wata biyar yana kauce wa mai ita a matakala.

"Malam Tafinta," in ji mai ɗinki. "Da rana tsaka? An yanko makullin ne?"

Ya faɗa mata. Bai tsara maganar ba, ta fito gaba a baya, batir da gado da Inna da wuta. Ya ji ƙarar keken ɗinkinta ta tsaya.

"Wace mita ce taku? Ba a rubuta komai a jikinsu ba."

"Ban sani ba."

"To duka zan kashe. Wanda ya ji haushi ya same ni."

Ya ji takun silifas ɗinta yana sauka, hawa uku, sannan ƙarar abubuwa ana sauke su ɗaya bayan ɗaya, sannan muryar wani mutum daga nesa yana tambayar wane mara mutunci ne. Ya ji ta sake hawowa tana haki. Ya ji tana dukan ƙofar. Ƙofa ce mai kyau. Shi ya zaɓe ta, kuma mai walda ya rantse masa cewa ko da guduma sai an yi awa guda.

"Inna. Inna, ni ce." Shiru. "Inna, ki yi magana mana."

Mai babur ya kutsa tsakanin wata motar haya da bango, gwiwar Tafinta ta gogi siminti, bai ji ba.

"Ba ta amsawa," in ji mai ɗinki. Muryarta ta canza, tsokanar ta fita daga cikinta. "Wataƙila barci take yi."

"Hayaƙi fa? Duba ƙasan ƙofar."

"Babu hayaƙi." Ya ji numfashinta kusa da ƙasa. "Sai dai wani ƙamshi. Matarka tana goge farce a gida ne?"

Tafinta ya ce wa mai babur ya ƙara wuta. Mai babur ya ce, Alhaji, in na ƙara a kan wannan sai dai mu tashi sama.

A shataletale wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, motoci sun cushe har babur ba shi da wurin sa hanci. Tafinta ya sauka, ya tura wa mai babur abin da hannunsa ya samu a aljihu, ya kama gudu. Rabonsa da gudu tun yana makaranta. Mutane suna kaucewa suna kallon dattijo da tabarau da jakar takardu yana tsallake kwata, wasu suna duba bayansa su ga me ya koro shi.

Kansa kuwa bai daina aikinsa ba, don bai san wani aikin ba. Yana gudu yana jin yadda za a karanto maganar a kotu, yana kuma neman kalmar da zai fassara ta da ita. Sakaci. Shi da kansa ya rubuta ma'anarta makon jiya, a cikin kwamfutar nan: barin abin da mai hankali zai yi, ko yin abin da mai hankali zai bari. Ya nemi wata kalmar mai sauƙi, wadda za ta dace da mutumin da ya sayi ƙofar ƙarfe da ƙyallen goge fuska, mutumin da bai taɓa barin ƙura ta sauka ba. Shekara ashirin yana tara kalmomi, babu ita.

Ya ɗaga kai tun daga bakin layi. Tagar hawa na uku tana nan yadda ya bar ta, labule a sake. Bai san ko wannan albishir ba ne.

Matakalar ta yi duhu saboda an yanke wuta. Maƙwabta sun fito ƙofofinsu suna fifita da kwali, kowa yana faɗin ra'ayinsa a kan kamfanin lantarki. Ya ratsa su bai gaisa da kowa ba. A hawa na uku mai ɗinki tana tsaye da tef ɗin awo a wuya da babban farantin ƙarfe a hannu. Bai tuna ya ce mata ta kawo ba. Makullin ya ƙi samun rami, sau biyu yana zamewa. Ta karɓe daga hannunsa ba tare da ta dube shi ba, ta murɗa. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ƙamshin ne ya tare su. Mai zaƙi, mai kama maƙogwaro.

Inna tana kwance a rigingine, bargo har ƙirji, ido a rufe, baki a ɗan buɗe. Hannunta mai lafiya yana kan bargon, ba ya motsi. Tafinta ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Taku huɗu ne zuwa gadon, ya kasa yin na farko.

"Inna."

Babu komai.

"Inna."

Ido ɗaya ya buɗe. "Wa ya kashe mini rediyo?"

Ya isa gadon bai san yadda aka yi ba. Wurin da ya kwantar da kwamfutar da safe babu kowa. Babban ƙamus yana can ƙarshen gado, an tallafe mata diddige da shi. Ya bi wayar caji da ido. Daga bango ta fito, ta hau katifa, ta shige ƙarƙashin bargo, ta ɓace a ƙarƙashin ƙugun Inna na hagu.

"Inna, ina take?"

"Yi a hankali, barci take yi."

"A ƙarƙashinki take?"

"To ina laifi? Ɗuminta ya fi na ruwan zafi, ba ya hucewa. Yau ma har ta fi kullum." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma me ya jiƙa ka haka? Korar ka aka yi?"

Wata biyar. Da hannu ɗaya, kullum bayan ya kulle ƙofa, tana jan abar a hankali tana cusa ta inda ke mata ciwo, kafin matarsa ta dawo kuma ta mayar da ita wurinta ta gyara bargo. Nauyin mutum guda a kan batirin da aka ce ko tafin hannu kada a ɗora masa.

Mai ɗinki ta zare cajar daga bango. Tafinta ya yaye bargon, zafi ya bugi fuskarsa kamar an buɗe tanda. Ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗun Inna, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta. In ya mirgina ta, zai ƙara danna abar. Sai dai ya ɗaga ta sama tsaye, cak.

"Kai, sauke ni. Me ye haka a gaban mutane?"

Ya ɗaga. Ya shirya wa nauyi, sai ya ji kusan babu. Matarsa ce ke ɗaga ta kullum, shi nasa gaisuwa ce daga bakin gado. Bai san uwarsa ta koma haka ba, kamar tarin wanki. Ya fita da ita tana faɗa, ya ratsa ƙofar ƙarfe, ya shiga ɗakin mai ɗinki, ya kwantar da ita a kan doguwar kujera tsakanin yadudduka. Sannan ya koma.

Kwamfutar tana tsakiyar ramin da jikin Inna ya bari a katifa. Gindinta ya tsage ta gefe, wani abu mai ruwan azurfa ya leƙo, a kumbure kamar ƙaramin matashin kai. Zanin gadon ya yi ruwan ƙasa a kewayenta. Ya naɗe hannu da tawul, ya kafa bakin farantin a katifa, ya tura ta a hankali har ta hau.

A nan ne, da yake shi ɗan Adam ne, wani tunani ya zo masa. Ƙamus ɗinsa yana ciki, ya kai har harafin S. Takardun ya yaga. A cikin aljihun tebur akwai ɗan abin nan da 'yarsa ta haɗo masa don ya riƙa kwafe aikinsa, yana nan a ledarsa, bai taɓa ɓarewa ba don kada ya ɓata. Minti biyu kawai. Zai ɗaga marfi, ya tashe ta, ya kwafe. Yatsansa har ya kai bakin marfin.

Sai abar ta yi wata 'yar ƙara. Ƙyas. Kamar an taka busasshen kara.

Ya janye yatsan. Ya ɗauki farantin da hannu biyu, ya miƙa shi gaba iyakar tsawon hannunsa, ya kawar da fuska.

Matakala arba'in da takwas ce daga ƙofarsa zuwa ƙasa. Bai taɓa ƙirgawa ba sai ranar. Mai ɗinki tana gabansa tana kora mutane cikin ɗakunansu da tef ɗin awo. A duhun yana laluben kowace matakala da ƙafa kafin ya ɗora nauyinsa. A hawa na biyu zafin ya fara ratsa farantin ya iso yatsunsa. A hawa na ɗaya ya sake jin ƙyas, sannan wani siririn sauti, kamar tayar keke tana sacewa. An ce masa in ta fara huci ya ajiye. Amma a nan matakala ce, hanya ɗaya tilo ta fita, kuma Inna tana sama. Ya riƙe numfashi ya ci gaba da sauka, farantin yana rawa, kwamfutar tana ɗan zamewa hagu da dama.

Ya fito fili. Ya wuce igiyar shanya, ya wuce motar wani da aka rufe da tamfol, ya kai tsakiyar simintin da babu komai, ya durƙusa ya ajiye. Ya ja da baya har bayansa ya bugi bango.

Babu abin da ya faru.

Mutanen gidan sun taru a bakin ƙofa da tagogi. Minti ɗaya, biyu. Kwamfuta a kan faranti a tsakiyar rana, kamar an kawo wa baƙo abinci ya ƙi fitowa. Mutumin hawa na ɗaya, wanda aka yanke wa wuta yana tsakiyar aski, rabin kansa da gashi, ya ce, "Saboda wannan aka kashe mana wuta? Malam, ko dai karatu ne ya yi yawa?" Wasu suka yi dariya. Tafinta da kansa ya fara jin kunya tana tasowa a ƙarƙashin tsoron.

Sai marfin ya ɗaga da kansa, kaɗan, kamar mai barcin da ya ji an kira sunansa. Farin hayaƙi ya fito ta gefe da ƙarfi, yana huci. Sannan wuta, ba irin ta itace mai lasar abu a hankali ba, irin ta mai walda, mai tsini, mai ƙara. Ta tsaya, ta sake bugawa ta wani gefen. Masu tagogi suka rufe tagoginsu. Mai rabin aski ya koma ciki da baya da baya.

Tafinta ya duba agogonsa, don ya rasa inda zai sa idonsa. Daga lokacin da ya ɗaga Inna zuwa yanzu, minti goma sha ɗaya. Ya tuna babbar motar da ta mutu a shataletale. Da ya zauna a kan babur yana jiran hanya ta buɗe, da a gadon Inna wutar nan za ta tashi. Ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa, da rigar kotu da komai.

Injiniya ya iso da bokitin yashi bayan wutar ta gama abin da za ta yi, kamar yadda masana suka saba. Ya juye yashin duk da haka, ya ce kada kowa ya taɓa sai gobe. Ya ce wataƙila, wataƙila fa, ɗan abin da ke riƙe rubutu bai ƙone ba, zai duba. Tafinta ya gyaɗa kai. Ya lura cewa bai tambaya ba.

A sama, mai ɗinki ta tare shi a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya. "Zo ka gani. Na kira matarka ta layin asibiti, tana hanya."

Ta ɗan ɗaga gefen zanin Inna. A ƙugun hagu akwai ja mai faɗin tafin hannu, da ƙuraje biyu cike da ruwa. A kewayensa fatar ta yi duhu, zane-zane kamar raga, tsohon tabo a kan tsohon tabo. Ɓarin da ya shanye ne. Ɗumin kawai take ji a can cikin ƙashi, ƙunar ba ta isa gare ta.

"Na ce wa matarsa tabon kwanciya ne," in ji Inna. "Ta yi ta shafa mini mai. Kun kashe abar ko?"

"Ta mutu, Inna."

"Allah sarki. Ba ta da hayaniya. To yanzu da me zan gasa ƙugun?"

"Tun yaushe yake miki ciwo?"

"Tun kafin ta zo."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ka tambaya? Kullum ka shigo ita kake fara taɓawa ka ji ko ta yi ƙura."

Mai ɗinki ta sami wani zare a jikin rigarta da ke bukatar cirewa da gaggawa. Tafinta ya tsaya yana kallon ƙafafun uwarsa. Sannan ya laluba aljihu, bai sami abin da yake nema ba, ya tuna yana jikin ƙofa. Ya fita ya zaro makullin, ya ɓalle shi daga zoben da ƙyar, don yatsunsa sun fara tashi saboda zafin farantin, ya dawo ya miƙa mata.

"An yanko," ya ce.

Ta juya shi a tafin hannunta. "Har ya goge a wurin yankan."

Kafin matarsa ta iso, ya shiga ɗakin Inna ya buɗe tagogi, ya yaye zanin gadon. Da ya ɗaga babban ƙamus, ɗan littafin kwamfutar ya faɗo daga ciki, inda ya sa shi alamar shafi wata biyar da suka wuce. Ya sa tabarau, ya buɗe shafi na uku, a tsaye. Kada a ɗora ta a kan katifa ko matashi. Kada a rufe ta tana jone. Kada a yi amfani da cajar da ba tata ba. In batir ya kumbura, a daina amfani da ita nan take. Gajerun jimloli ne, har da hotuna. Ba su bukatar tafinta.

Daga ɗakin mai ɗinki ya ji muryar Inna tana tambaya ko wani zai mayar da wutar gidan nan, an kusa fara shirin da take saurare.